Dula, Abokiyar Naƙuda: Nazari Kan Aikinta da Haddinsa

Cikin sana'o'in da suka bayyana a Amurka da ƙasashen Turai a ƙarshen ƙarnin da ya shuɗe, akwai wata wadda ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira, domin mai yin ta ba ta ba da magani, ba ta riƙe allura ko almakashi, ba ita ke karɓar haihuwa ba, amma duk da haka likitoci sun auna sun tarar cewa zamanta a ɗakin naƙuda yana gajarta wahala, yana kuma rage adadin matan da ake kai wa ga tiyata. Ita ce ake kira dula, watau macen da aka horar domin ta lazimci mai ciki tun kafin watanta ya tsaya, ta zauna da ita daga farkon naƙuda har ta sauka, sa'an nan ta riƙa leƙa ta a kwanakin jego. Wata masaniyar al'adun al'umma, Ba'amurkiya mai suna Dana Raphael, ita ce ta yaɗa wannan suna a littafin da ta wallafa kan shayarwa a 1973, inda ta nuna cewa a mafi yawan al'ummomi sabuwar uwa ba ta rasa wata mace gogaggiya a gefenta, kuma inda aka rasa wannan mace, shayarwa takan yi wuya.

Wajibi ne mu fara da sababin da ya sa abin da kakanni ke yi fi sabilillahi ya zama sana'a mai suna da takardar shaida. A farkon ƙarni na 20 kusan kowace Ba'amurkiya a gida take haihuwa, tsakanin uwa da 'yan'uwa da maƙwabta. Zuwa 1940 fiye da rabin haihuwa ta koma asibiti, kafin 1970 kuwa sai ɗaiɗaikun mata ne ke haihuwa a gida. Babu mai hankalin da zai musanta alherin da ke cikin wannan ƙaura, gama ƙarin jini, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da tiyata mai tsabta, sun ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Sai dai asibitin wancan zamani, da ya karɓi mai naƙuda, ya rufe ƙofa ya bar danginta a waje, har mijinta ma bai sami izinin shiga ba sai wajejen shekarun 1970. Ma'aikaciyar jinya kuwa, komai tausayinta, tana da gadaje da yawa da takardun cikewa, kuma in lokacinta ya cika dole ta miƙa aiki ta tafi gida, alhali naƙudar fari takan cinye yini da dare. Ta haka mace ta sami kulawar jikinta ta rasa mai ɗebe mata kewa, a sa'ar da ta fi kowace sa'a bukatarsa.

Waɗanda suka fara kafa hujja a kan wannan mas'ala likitocin yara ne guda biyu, John Kennell da Marshall Klaus, tare da abokan aikinsu na ƙasar Gwatemala. A wani babban asibiti na birnin Gwatemala, inda cunkoso ya sa ba a barin kowa ya shiga wurin mai naƙuda, suka raba masu cikin fari gida biyu: wasu aka bar su bisa al'adar asibitin, wasu kuma aka haɗa kowacce da wata mace wadda ba ta san ta ba, ba ta kuma da ilmin likitanci, aikinta kurum ta zauna, ta riƙe hannu, ta shafa baya, ta yi magana mai daɗi. Sakamakon da suka buga a 1980 ya nuna cewa daga shiga asibiti zuwa sauka, waɗanda aka bari su kaɗai sun ɗauki kimanin sa'a 19, masu abokiyar zama kuwa kimanin sa'a 9. Matan da aka gwada kaɗan ne, saboda haka aka maimaita binciken da ɗaruruwa, a Gwatemala ɗin da kuma birnin Houston na jihar Texas. A na Houston, wanda aka buga a 1991, an yi wa kashi 8 cikin 100 na masu dula tiyata, da kashi 18 na waɗanda aka bari bisa tsarin asibiti. Abin lura kuma shi ne rukuni na tsakiya, waɗanda aka sa wata mace ta zauna a ɗakinsu tana kallo kawai, ba ta taɓa su ba ta ce musu uffan: su kashi 13 ne aka yi wa tiyata. Ashe ko ganin mutum a kusa yana da nasa tasiri.

A 1992 waɗannan likitoci biyu, tare da Phyllis Klaus da Penny Simkin da Annie Kennedy, suka kafa ƙungiyar DONA domin horar da duloli da tsara musu ƙa'idojin aiki. Bayan shekaru, a 2017, masanan ƙungiyar Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tattara bincike-binciken likitanci su tace su, suka haɗa gwaji 26 daga ƙasashe 17, waɗanda suka ƙunshi mata fiye da 15,000. Hukuncinsu ya fi na farko tsantseni, don haka ya fi cancantar a dogara da shi: macen da aka lazimta ba yankewa, naƙudarta takan gajarta da kimanin minti 40, yiwuwar a yi mata tiyata takan ragu da kusan rubu'i, yiwuwar ta nemi maganin kashe zafi takan ɗan ragu, kuma ba ta cika tuna ranar da baƙin ciki ba. Ba su ga wata illa da ta biyo bayan haka ba. Sun kuma lura cewa fa'idar ta fi bayyana idan abokiyar zaman ba ma'aikaciyar asibitin ba ce, ba kuma 'yar gida ba ce, sai wadda ta zo musamman domin wannan aiki.

Hikimar abin ba ɓoyayyiya ba ce ga wanda ya san yadda Allah ya tsara halittar mace. Mahaifa tana matsawa ne da taimakon wani sinadari da jiki ke fitarwa, ana kiransa oksitosin, kuma yana gudana sosai a halin natsuwa da aminci. Idan tsoro ya kama mutum kuwa, sai jiki ya saki adirenalin, wanda ke shirya gaɓoɓi domin gudu ko faɗa, kuma yawansa yana iya raunana matsawar mahaifa, ya rage jinin da ke isa gare ta. To, mace mai cikin fari da aka kwantar a baƙon ɗaki, tana jin kukan wata a gadon kusa, ba ta san ko abin da take ji shi ne daidai ko alamar ajali ba, yaya za a yi tsoro bai rinjaye ta ba? Naƙuda in ta yi nawa sai a ɗaura ruwan ƙara naƙuda, zafi ya ƙaru, a nemi allurar gadon baya, mace ta kasa tashi, kuma kowane mataki yana kusantar da ita ga ɗakin tiyata. Dula tana ƙoƙarin tare abin ne tun daga tushensa, watau firgici. Mai karanta Suratu Maryam ma zai tuna cewa lokacin da naƙuda ta tsananta ga Nana Maryam, amincin Allah ya tabbata a gare ta, har ta yi burin mutuwa, abin da ya fara zo mata shi ne kira na kwantar da hankali, sa'an nan ruwa da dabino.

Ga yadda aikin yake in an matso kusa. Ciwo ya taso, mai naƙuda ta dafa bakin gado ta sunkuya, sai dula ta tsaya a bayanta, ta sa tafin hannuwanta biyu a ƙugunta hagu da dama, ta matse da ƙarfi har ciwon ya wuce, domin wannan matsi yana sassauta zafin da ke sara a ƙashin baya. Ciwon na lafawa, ta miƙa mata ruwa ta kurɓa, ta goge mata goshi da jiƙaƙƙen tsumma, ta ce, "Wannan ya wuce, ba zai dawo ba. Saki kafaɗunki, ki ja numfashi a hankali." Idan ta ga an daɗe a kwance sai ta tashe ta su taka cikin ɗaki, ko ta taimaka mata ta durƙusa. Can kuma idan likita ya shigo ya faɗi wata magana da sauri ya juya zai fita, ita ba ta jayayya da shi, sai ta dubi matar ta ce, "Kin gane abin da ya ce? Akwai abin da kike so ki tambaye shi?" A sa'ar da mace takan ce ta gaji, ba za ta iya ba, wadda galibi ita ce sa'ar da haihuwa ta kusa, dula ta ga irin wannan sau da yawa, don haka fuskarta ba ta sauyawa, kuma daga wannan fuska mai naƙuda take karanta cewa babu abin da ya ɓaci.

Amfaninta bai tsaya ga matar kaɗai ba. Miji, wanda a Amurka da Turai yanzu ake sa ran ya tsaya a ɗakin, sau da yawa ƙauna ce ke hana shi taimako, gama ganin matarsa cikin azaba yakan ruɗa shi, ya rasa inda zai sa hannunsa. Dula takan nuna masa inda zai danna, ta ba shi dama ya fita ya ci abinci ba tare da an bar matar ita kaɗai ba. Bayan an sauka kuma akwai dular jego, mai zuwa gida ta gyara wa jariri kamun nono, ta riƙe shi uwa ta runtsa, ta kuma sa ido ko baƙin cikin bayan haihuwa ya wuce kima, domin ta ba da shawarar a ga likita.

Adalci ya wajabta a faɗi haddin wannan aiki da aibobin da ke bin sa. Ƙa'idar ƙungiyoyinsu ta haramta wa dula auna buɗewar mahaifa, ko sauraron bugun zuciyar jariri, ko ba da fatawar magani, ko yanke hukunci a madadin matar. Amma da yake a ƙasashe da yawa horon na 'yan kwanaki ne, kuma babu hukumar gwamnati mai ba da lasisi, akan sami wadda ta ƙetare iyaka, ta cusa wa mace ƙyamar tiyata ko allura har ta ɗauki karɓarsu gazawa, wannan kuwa cin amana ne, domin akwai ranar da tiyata ita ce rahama. Aibi na biyu shi ne kuɗi. Ladan dula a biranen Amurka yakan kai ɗaruruwan daloli, wani lokaci ya haura dubu, sai abin ya zama na masu hali, alhali matalauta da baƙi marasa dangi sun fi kowa bukata. A Amurka baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa wajen haihuwa da kusan ninki uku, wannan ne ya sa jihohi irin su Oregon da Minnesota suka riga sauran shigar da ladan dula cikin inshorar lafiyar talakawa. Matakin abin yabo ne, da sharaɗin kada hukuma ta fake da shi, domin riƙe hannu ba ya tsayar da zubar jini, ba ya kuma maye gurbin ƙwararriyar ungozoma.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin shawarwarinta cewa a bar kowace mace ta zaɓi wanda zai zauna da ita har ta haihu, ƙasar Barazil kuwa ta mai da wannan doka tun 2005. A Nijeriya ma an gwada a asibitin koyarwa na Ibadan, aka buga sakamako a 2009, ya kuma dace da na sauran ƙasashe. A nan ne zancen ya shafe mu. Bahaushe bai jahilci darajar abokiyar zama ba: al'adar goyon ciki, da ake mai da mai cikin fari gidan iyayenta, da tsohuwar da ke tare da mai jego har a yi arba'in, duk shaida ne. Sai dai muna da namu giɓin, domin kunya takan sa yarinya ta ɓoye naƙuda, ta shige ɗaki ta durƙusa ita kaɗai ba ta ko nishi, a yaba mata da jarumtaka, ungozoma kuwa sau da yawa sai an haihu ake kiranta ta yanke cibiya ta binne mabiyiya. Cikin wannan shiru ne doguwar naƙuda ke kwana biyu ba wanda ya sani, ta bar yoyon fitsari ko makoki. Wadda ta je asibiti kuma, abin da uwarta ke fara ji a bakin ƙofa shi ne, "Mama, ku jira a waje," kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa wasu mata gudun asibiti. Kiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa fiye da rubu'in matan duniya da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne.

Saboda haka darasin da ya kamata mu ɗauka daga Gwatemala da Houston ya fi ƙarfin kwaikwayon suna ko takardar shaida. Muna da iyaye mata da gwaggwanni da ungozomomin da mata suka amince da su. Abin da ya rage shi ne a koya musu alamomin haɗari, watau zubar jini, da jijjiga, da kumburin fuska, da naƙudar da ta wuce yini, a ɗora musu amanar raka mace asibiti da wuri, sa'an nan asibiti ya rataya labule tsakanin gadaje domin sutura, ya ajiye kujera ɗaya a gefen kowane gado, ya bar su su shiga. Malamai kuma su bayyana wa jama'a a wa'azi cewa kunyar da shari'a ta yaba ba ta haɗa da ɓoye ciwon da ke iya kisa ba, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin addini. Kuɗin labule da kujera bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa.