Waɗanda kyamara ta bari a tashar jirgi

Akwai wani nau'in fim da Turawa suka ƙware a kansa, musamman tun da Steven Spielberg ya fitar da Schindler's List a 1993. A ɗauko bala'in da ya ci miliyoyin rayuka, a nemo mutum guda da ya tsamo ƴan ɗaruruwa daga ciki, sai a aza labarin kacokan a wuyansa. Hotel Rwanda na 2004 wannan gwadabe ya bi. Wani daga cikinsu shi ne One Life, wanda James Hawes ya ba da umarni, aka fara nuna shi a 2023. Anthony Hopkins ne ya fito a matsayin dattijo Nicholas Winton, Johnny Flynn kuma ya fito a matsayinsa lokacin samartaka. Fim ne mai taɓa zuciya, kuma ina son a kalle shi a Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri. Sai dai nau'in yana da wata al'ada da mutanen Arewa suka fi kowa cancantar ganewa, domin an taɓa yin irinta da tarihinsu.

Ga abin da ya faru. A watan Satumba na 1938, a birnin Munik, Ingila da Faransa suka yarda Hitila ya yanki wani ɓangare na Cekoslobakiya. Dubban mutane suka kwararo Prag, babban birnin ƙasar, cikin hunturu, ba muhalli. A daren 9 ga Nuwamba aka ƙona majami'un Yahudawa da shagunansu a faɗin Jamus da Ostiriya. Bayan haka ne gwamnatin Ingila ta amince a shigo da yara ƴan ƙasa da shekara 17, bisa sharaɗin a samo gidan da zai karɓi kowane yaro, a kuma ajiye fam 50 a kansa, kuɗin mayar da shi in ƙura ta lafa. Yara kusan 10,000 suka shiga Ingila ta wannan ƙofa kafin yaƙi ya ɓarke. Winton, dillalin hannun jari mai shekara 29, ya fasa hutun da ya shirya a Suwizalan ya tafi Prag a ƙarshen Disamba, bisa gayyatar abokinsa Martin Blake. Bayan ƴan makonni ya koma Landan ya ci gaba da aikin daga can. Tsakanin Maris da Agusta na 1939 aka fitar da yara 669, akasarinsu Yahudawa. Jirgin ƙasan da aka shirya wa ranar 1 ga Satumba, da yara wajen 250, bai tashi ba, domin a ranar Jamus ta afka wa Folan aka rufe iyakoki. Kusan dukkan yaran sun halaka.

Abin da ya fi burge ni a fim ɗin shi ne bai ƙirƙiro wa Winton jarumtakar da bai yi ba. Babu bindiga, babu tsere da mota. Keken rubutu ne, da jerin sunaye, da hotunan yara da ake bugawa a kati da mujallu don iyalan Ingila su zaɓa, da zaman jira a ofishin gwamnati, inda mahaifiyarsa (Helena Bonham Carter ce ta taka rawar) ke matsa wa ma'aikata har su buga hatimi. Duk wanda ya taɓa bin takardar haihuwar yaro daga ofishin magajin gari zuwa kotu ya san nauyin wannan aiki. Fim ɗin ya mayar da shi abin kallo, ya nuna cewa a irin wannan lokaci jinkirin hatimi ɗaya rai ne. Nan ya yi gaskiya, kuma ba ƙaramar fasaha ba ce a riƙe mai kallo da takardu.

Matsalar tana wajen rabon haske. Doreen Warriner ta riga Winton isa Prag, tana fitar da ƴan gudun hijirar siyasa da iyalansu. Trevor Chadwick, malamin makaranta, shi ya zauna a birnin bayan sojojin Jamus sun shigo ranar 15 ga Maris, shi ke zuwa gaban jami'an Gestapo, ƴan sandan asirin Hitila, neman izinin fita, shi ke sa yara a jirgi. Fim ɗin ya nuna su biyun, amma a matsayin mataimaka. Winton da bakinsa ya sha faɗin cewa Chadwick ne ya yi ɓangaren da ya fi haɗari. Marie Schmolka, Bayahudiya ƴar Prag da ta shafe shekaru tana hidimar ƴan gudun hijira, Gestapo sun tsare ta a 1939, ta rasu a Landan a 1940, kuma ƙalilan ne suka san sunanta. Me ya bambanta su da Winton? Warriner ta rasu a 1972, Chadwick a 1979. Winton ya kai shekara 106, sai 2015 ya rasu, kuma ya adana kundin da ke ɗauke da sunaye da hotuna. Wannan kundi ne ya kai shi shirin talabijin na BBC mai suna That's Life! a 1988, inda mai gabatarwa Esther Rantzen ta nemi duk wanda Winton ya cece shi ya miƙe, sai mutanen da ke kewaye da shi suka tashi tsaye. Wurin nan ne ƙololuwar fim ɗin, kuma da wuya ido ya tsaya a bushe. Amma tsawon rai da ajiyar takarda ne suka zaɓi gwarzon, ba girman kasada ba.

Sai babban giɓin, wato iyaye. Ingila yara ta buɗe wa ƙofa, iyayensu ta bar su a waje. A taron Ebiyan na Yulin 1938 ƙasashe 32 sun zauna kan batun Yahudawan da ke gudu, kusan dukkansu suka ƙi ƙara adadin da za su karɓa. A Amurka an kawo ƙudurin shigo da yara 20,000 a 1939, ya mutu a majalisa. Mu mun san riƙo: a ba gwaggo ko kawu yaro, ya tashi a wani gari, uwa ta je ganinsa da salla, ranar aurensa a zo a yi da ita. Uwar da ta tsaya a tashar Prag ta miƙa ɗanta ga mutanen da ba ta san sunansu ba, masu wani harshe, galibi masu wani addini, kuma yawancin irinta ba su sake ganin ƴaƴansu ba. A ganina babu wanda ya yi abin da ya kai nata wuya a duk labarin. Fim ɗin ya ba ta ƴan mintuna tana kuka a bakin taga, sannan kyamara ta bi jirgi. Dole ta bi jirgi, domin nau'in an gina shi ne don mai kallo ya fita da sanyin zuciya. In ta tsaya a tasha sai ta bi iyayen zuwa sansanonin Terezin da Aushwits, kuma lissafin ya koma na yara Yahudawa kusan miliyan ɗaya da rabi da aka kashe. Ko waɗanda suka tsira ba duka suka faɗa hannu nagari ba: wasu ƴan mata aikatau aka sa su, a 1940 kuma aka tsare wajen 1,000 daga cikin manyan yaran a matsayin ƴan ƙasar abokan gaba. Fim ɗin gaskiya na Mark Jonathan Harris, Into the Arms of Strangers, na shekarar 2000, ya fi buɗe wannan fage, domin ya bar yaran da kansu, sun tsufa, su yi magana.

Mu ma an yi mana wannan zaɓe. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, nan ƙasar Arewa. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa kan Sarauniyar Lugu a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Aiki ne da ya ɗaga kanmu, ba na musu. Amma duniya ta san fuska guda, jaruma mai kwari da baka, alhali maharban da suka tsaya, da matan da suka kwashe yara suka shige daji, da dubban da aka yanka a Birnin Ƙonni makonni kaɗan bayan haka, ba wanda ya riƙe sunayensu. Masana irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun yi nazarin tazarar da ke tsakanin Sarauniyar littafi da fim da wadda mutanen Lugu ke tunawa, wadda sarautarta ta addinin gargajiya ce kuma har yau ana gadonta. Fim yana buƙatar fuska ɗaya da zai bi, tarihi kuwa taron jama'a ne.

Na san wani zai ce me ya haɗa mu da yaran Yahudawa alhali ga abin da ake yi wa yaran Gaza. Yaron da aka rataya wa lamba a wuya a Prag a 1939 bai yi wa kowa laifi ba, haka ma na Gaza, kuma zuciyar da ta iya jin ɗaya ba ta da hujjar toshe kunne ga ɗayan. Alf Dubs, ɗaya daga cikin yaran Winton, ya fahimci haka: yana ɗan majalisar dattawan Ingila ya sa aka yi doka a 2016 don karɓo yaran gudun hijira marasa iyaye da ke Turai, gwamnati ta tsayar da adadin a 480.

A nan gida ma, tun daga 2019 dubban mutane, akasari mata da yara, suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi suna gudun ƴan bindiga. Kafin hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da wasu Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau, talakawan ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji ne suka buɗe musu gidaje, suka raba hatsin rumbunsu da su. Ba a nemi fam 50 ba, kuma ba a ce uwa ta tsaya a waje ba. Ta wannan fuska sun yi abin da gwamnatin Ingila ta ƙi yi a 1938. Amma a ma'aunin wannan nau'in fim labarinsu ba zai shiga ba, saboda masu masaukin sun yi yawa, ba wanda ya fi wani, kuma babu mai kundi a cikinsu. Mai shirya fim na Kano ko Yamai da zai ɗauki wannan labari sai ya nemo wani gini daban, wanda gari guda ne zai zama gwarzo, kuma sai ya fara da zuwa ya rubuta sunayen masu gidajen tun suna raye.