Jigon Zaizayar Ƙasa a Sassaƙar El Anatsui: Taƙaitaccen Tarke

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun saba neman jigo a cikin waƙa ko zube ko wasan kwaikwayo, amma ba safai sukan waiwayi sassaƙa ba, alhali ita ma tana ɗauke da saƙo. Wannan maƙala za ta dubi aiki guda na El Anatsui, wanda aka haifa a Anyako ta ƙasar Gana a 1944, ya kuma koyar a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka daga 1975 zuwa 2011. Sunan aikin Erosion, wato Zaizaya.

2.0 Siffar Aikin

An yi wannan sassaƙa a ƙasar Barazil a 1992, shekarar da aka yi taron duniya kan muhalli a birnin Rio. Itace ne tsayayye, tsawonsa ya kusa mita 3. Mai sassaƙar ya ƙawata jikinsa da zane-zane da alamomi, kamar yadda ya saba a ayyukansa na itace, inda yakan ɗebo daga uli na Ibo da nsibidi da adinkra na Akan. Bayan ya gama wannan wahala, sai ya sa zarton inji ya daddatse jikin itacen, ya bar guntaye zube a gindinsa.

3.0 Warwarar Jigo

Hikimar aikin tana cikin jerin matakan nan biyu. Da a ce itacen fili ne aka datsa, da saƙon bai wuce kukan sare daji ba. To amma abin da zarto ya ci rubutu ne. Ke nan ana nuna cewa idan ƙasa ta zaizaye, akwai abin da ke salwanta bayan turɓaya. Wanda ya ga kwazazzaban Nanka da Agulu a Jihar Anambra zai fahimci wannan: ramin da ya cinye gona yakan haɗa da kushewar kakanni da iyakar gado da sunan wuri. Haka kuma salon ya dace da jigon, domin hannu yakan daɗe yana zane, inji kuwa nan take yake shafe shi. Kayan aikin da ke kassara daji shi ne ya zama alƙalamin mai sassaƙar.

Sai dai akwai abin dubawa. Sassaƙar tana ajiye ne a gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washinton, nesa da manomin da ruwa ke ci wa gona, kuma gargaɗi ba ya amfani sai ya isa kunnen mai shi. Wannan matsala ta ƙara fitowa a ayyukan da ya yi daga baya, waɗanda yake ɗinke marafan kwalaben barasa da wayar jan ƙarfe: ƙyalƙyalinsu yakan ɗauke hankalin mai kallo har ya manta cewa daga juji suka fito.

4.0 Kammalawa

Duk da haka, Zaizaya ta cim ma abin da rahoton hukuma ba ya iyawa, domin ta sa ido ya ga asarar da ba a aunawa da eka. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya su riƙa sanya irin wannan aiki kusa da waƙoƙin fari da na yunwa, a auna yadda kowanne ya faɗi damuwa ɗaya.