Motocin Safa Masu Aiki Da Batir: Bayan An Gama Bikin Ƙaddamarwa

A yau shirin zai duba motocin safa masu aiki da batir, waɗanda a 'yan shekarun nan kusan kowane magajin gari yake son a ɗauke shi hoto a gabansu. Duk wanda ke zaune a Landan ko Paris ko wani babban birni na Turai ya san su, don sau da yawa sai motar ta iso dab da kai kafin ka ji motsinta. Tambayar da muke son yi ita ce, wai shin yawan motocin da ake ta shelar an saya shi ne ma'aunin ci gaba, ko kuwa da sauran magana?

Da farko dai abin ba sabo ba ne. Tun a shekara ta 1907 wani kamfani ya fara jigilar fasinja a Landan da safa mai batir, tsakanin tashar Victoria da Liverpool Street. Batirin dalma ne mai nauyin gaske, kuma idan ya yi sanyi sai a koma gareji a sauke shi a ɗora wani cikin 'yan mintoci. Motocin sun yi aiki, mutane kuma sun so su saboda ba ƙara ba wari. Abin da ya kashe kamfanin zuwa shekara ta 1910 shi ne maguɗi da almundahanar masu shi. Wato tun daga ranar farko matsalar kuɗi da riƙon amana ta riga matsalar fasaha yin illa.

Ta fuskar kimiyya kuwa, gaskiya ba a jayayya. Injin dizal yana ɓarnatar da fiye da rabin ƙarfin man da ya sha a matsayin zafi, alhali injin lantarki yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya samu zuwa juya taya. Sa'annan duk lokacin da direba ya taka birki, injin kan juye ya zama kamar janareta ya mayar da wani kaso na wutar cikin batir. Motar da aikinta ke nan tsayawa da tashi a kowace kusurwa, ka ga wannan ba ƙaramar riba ba ce. Ga kuma batun lafiya: a shekara ta 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a jerin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Mai tallan da ke wuni a bakin titi shi ne ya fi kowa shaƙar wannan hayaƙi.

Birnin da kowa ke ba da misali da shi shi ne Shenzhen na ƙasar Sin, wanda a ƙarshen shekara ta 2017 ya mayar da ilahirin motocin safarsa, sama da 16,000, masu aiki da lantarki. To amma masu kawo wannan misali ba kasafai suke ƙarasa labarin ba. Gwamnatin tsakiya da ta birnin sun zuba tallafi mai yawan gaske a kan kowace mota, kamfanin BYD mai ƙera da yawa daga cikinsu a birnin yake da hedkwata, an kuma gina ɗaruruwan tashoshin caji tare da sayen motocin. Birnin da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun, in ya ce zai kwaikwayi Shenzhen, to ya ɗauko Dala ba gammo.

Bari mu yi ɗan lissafi, don a nan ne gizo ke saƙar. Safa mai tsawon mita 12 takan ci wajen kilowat ɗaya zuwa ɗaya da rabi na awa guda a kowace kilomita. A ce gareji yana da motoci 100, kowace tana jan kilowat 100 a lokacin caji da daddare. Megawat 10 ke nan a wuri guda, wutar da za ta ishi unguwanni da dama. Kafin mota ta farko ta fita aiki sai an ja sabon layi, an kafa manyan taransifoma, an samu fili, an horar da makanikan da a da ba su san komai ba sai dizal. Wannan aiki yakan ɗauki shekaru, kuma ba ya kyau a hoto, shi ya sa ba a cika jin labarinsa a jawabin ƙaddamarwa ba.

Birnin Albuquerque na Amurka ya ɗanɗana kuɗarsa. An yi masa alkawarin motocin da za su yi tafiyar mil 275 da caji ɗaya, amma a cewar hukumomin birnin ba su wuce mil 177 ba, ga kuma wasu matsalolin na birki da ƙofofi da zafin batir. A shekara ta 2018 magajin garin, Tim Keller, ya mayar wa BYD motocinsa, aka shiga kotu, daga baya aka sasanta, birnin kuma ya koma ya sayi na dizal. A Filadelfiya an janye motoci 25 na kamfanin Proterra daga kan hanya a 2020 bayan an ga jikinsu yana tsagewa, shi kuma kamfanin ya bayyana karyewar jarinsa a 2023. Ga mai unguwar da aka ce masa an kawo sauyi, abin da ya gani kawai shi ne ya tsaya a tasha mota ba ta zo ba.

Amma misalin da ya fi ɗaure kai shi ne na Mosko. Tun shekara ta 1933 birnin yake da motocin safa masu jan wuta kai tsaye daga wayoyin da aka shimfiɗa a sama, kuma akwai lokacin da babu birnin da ya kai shi yawansu a duniya. Waɗannan motoci ba sa hayaƙi, ba sa kuma ɗaukar batir mai nauyin tan-tan. A 2018 aka fara shigo da masu batir, a watan Agustan 2020 aka rufe tsohon tsarin. Abin dariya a nan, idan hunturu ya kankama, sababbin motocin da dama da man dizal suke ɗumama fasinja, saboda in aka ce batir ya yi wannan aiki ba zai kai su ko'ina ba. An cire abin da ke aiki da lantarki an sa wani abin da ke aiki da lantarki, aka kuma kira shi juyin juya hali. A lissafin takarda Mosko ta shiga sahun gaba a Turai wajen yawan safa masu batir. A lissafin iskar da mutane ke shaƙa kuwa, da a ce na dizal aka fara sallama da ribar ta fi haka.

Wannan matsala ta yanayi ta shafi ƙasashe masu zafi ma, ta wata fuskar. Na'urar sanyaya mota daga batirin take sha, kuma batir ba ya son tsananin zafi, yakan rage masa kwana. Don haka alƙaluman da kamfani ya buga a takardar talla, waɗanda aka auna a yanayi mai daɗi, ba su ne za a gani a Khartum ko Njamena a watan Afrilu ba.

Sai batun inda wutar take fitowa. Fiye da rabin lantarkin ƙasar Sin daga kwal ake samunsa, saboda haka kalmar nan ta "ba hayaƙi" tana da ƙarin gishiri; an dai ɗauke hayaƙin daga hancin mutanen gari an kai shi tashar wuta, wanda shi ma ba laifi, ci gaba ne. A Kenya kuwa, inda akasarin wutar daga zafin ƙarƙashin ƙasa da ruwa da iska take, safar da kamfanin BasiGo ya fara sanyawa a Nairobi a 2022 ta fi cancantar wannan kirari. Inda kuma wuta ba ta tsayawa, har a kai ga tada janaretan dizal don cajin motar da aka saya don gudun dizal, to an yi ba a yi ba ke nan.

Ina ne aka yi abin yadda ya kamata? Santiago, babban birnin Chile, ya gane cewa tsadar sayen motar ce ke korar masu harkar sufuri, duk da cewa kuɗin tafiyar da ita bai kai na dizal ba. Sai aka shigo da kamfanonin wutar lantarki suka sayi motocin suka gina wuraren caji, masu jigila suna biya sannu a hankali. Da motoci 100 aka fara a ƙarshen 2018, yanzu sun haura 2,000.

A nahiyar Afirka kuma, Dakar ta Senegal ta fara da abin da ya kamata a fara da shi, wato hanya. An keɓe wa motocin layinsu na kansu mai tsawon kilomita 18 daga Guédiawaye zuwa tsakiyar birni, aka fara ɗaukar fasinja a 2024, da nufin rage tafiyar da kan ci minti 90 ta koma 45. A ra'ayinmu wannan keɓantaccen layi ya fi batirin muhimmanci ga ma'aikacin da ke sammakon zuwa aiki. Safar lantarki da ta maƙale a cunkoso, jinkirinta ɗaya da na tsohuwar kwarakwasa. Legas ma ta gwada nata a 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, sai dai motoci biyu ne kacal, na gwaji.

Saboda haka idan aka sake gayyatar 'yan jarida bikin ƙaddamar da irin waɗannan motoci, akwai tambayoyin da suka dace a yi wa mai girma babban baƙo: ina za a yi cajinsu, wa zai biya kuɗin sabon batir idan na ciki ya tsufa bayan wasu shekaru, kuma motoci nawa daga cikin waɗanda aka ƙaddamar bara suke kan hanya a yau?

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Masu tambaya ko tsokaci, musamman direbobi da makanikai da ke aiki da irin waɗannan motoci a ƙasashen da kuke zaune, kuna iya rubuto mana.