Sifar Wuƙa da Aikinta: Tsokaci Kan Yadda Ake Nazarin Ƙira

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi gyara a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a rubuce-rubucenmu kan sana'o'in gargajiya. Idan aka zo batun ƙira, marubuci yakan jera abubuwan da maƙeri ke ƙerawa, ya ce fartanya da gatari da lauje da wuƙa, sa'an nan ya wuce. Ke nan an ɗauki wuƙa, wadda a wasu karuruwan Hausa ake kira yuƙa, a matsayin abu guda mai sifa guda. Wanda ya zauna a maƙera a Zango ta ƙasar Daura ran kasuwa ya san ba haka abin yake ba, domin kafin maƙeri ya sa ƙarfe a wuta sai ya tambayi mai saye aikin da zai yi da ita.

2.0 Inda Nazari Ya Tsaya

Ba a ce magabata ba su yi ƙoƙari ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomin sana'a masu ɗimbin yawa, Philip Jaggar kuma ya fitar da littafi sukutum a 1994 kan maƙeran birnin Kano. To amma aikin ƙamus shi ne ba da ma'ana, ba bayyana dalilin sifa ba. Masu nazarin tarihi kuwa wuƙar da ta fi jan hankalinsu ita ce ta Bayajida, wadda labari ya ce maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita. Saboda haka wuƙar yaƙi da sarauta ta sami marubuta, wuƙar neman abinci kuwa ta rasa.

3.0 Sifa da Aiki

Abubuwa uku ke bambanta wuƙa da 'yar'uwarta: baki, watau ko miƙaƙƙe ne ko mai lanƙwasa, tsini, ko akwai ko babu, da kaurin baya. Ga misalai huɗu.

Na farko, wuƙar yanka. Bakinta dogo ne, miƙaƙƙe, domin a ja ta a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya ba tare da ɗaga hannu ba. A nan sifa ta bi hukuncin shari'a, wadda ta yi umurni da a wasa wuƙa a hutar da dabba.

Na biyu, wuƙar fiɗa. Wannan gajeriya ce, mai ciki, watau bakinta ya yi tudu wajen gaba. Cikin nan shi ke raba fata da nama. Idan mahauci ya yi fiɗa da mai tsini ƙwarai sai ya huda fatar, majemi kuwa ya rage mata kuɗi, baduku ma ya ƙi ta. Ashe lanƙwasa kaɗan a ƙarfe tana riƙe da sana'o'i uku.

Na uku, askar wanzami. Ita ce ta fi kusa da wuƙar aljihu ta Turawa, domin akwai irin da ake naɗewa, bakin ya shige cikin ƙota, a jefa ta a zabira. Ta aski tana da faɗi da siririn baki, don ta kwanta a fatar kai. 'Yar tsaga kuwa ƙarama ce mai ɗan tsini, saboda aikinta tsaga ne, kamar wajen ƙaho.

Na huɗu, 'yar wuƙar da malamai da almajirai ke fiƙe alƙalami da ita. Gajeren baki gare ta, don babban yatsa ya sarrafa ta wajen fere kara da tsaga bakin alƙalami. Turawa ma daga gyaran alƙalamin gashin tsuntsu ne ƙaramar wuƙarsu ta aljihu ta samo sunanta.

4.0 Abin da Ke Salwanta

Narkar da tama ta riga ta zama tarihi. Yau da sifirin mota da sauran tsofaffin ƙarafa ake ƙira. Wuƙaƙen kanti da reza kuma sun shiga hannun mahauta da wanzamai. Duk sifar da aka daina ƙerawa, sunanta zai biyo ta kabari, kuma ɗalibin da bai taɓa ganin aska ba ba zai ji nauyin karin maganar nan ta aski ya zo gaban goshi ba.

5.0 Kammalawa

Shawararmu ga ɗaliban babban digiri ita ce su daina jera sunaye kurum. Su je maƙera da mahauta da zauren wanzami, su auna tsawo, su zana sifa, su rubuta sunan kowace wuƙa da aikinta daga bakin mai ita. Zango, da yake tana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, wuri ne da za a kwatanta kalmomin ɓangarorin biyu. Tsofaffin maƙera ba za su jira mu har abada ba.