Sharhi Kan Matakin Cibiyar Smithsonian Na Mayar da Kayan Tarihin Benin

Cibiyar Smithsonian da ke birnin Washington a ƙasar Amurka an kafa ta ne a shekarar 1846, da dukiyar da wani masanin kimiyya ɗan Ingila, James Smithson, ya bari wasiyya. A ƙarƙashinta akwai gidajen tarihi 21 da cibiyoyin bincike, ga kuma gidan namun daji na ƙasa wanda aka kafa a 1889. Saboda girmanta, duk matakin da ta ɗauka sauran gidajen tarihi na duniya sukan sa masa ido.

A shekarar 2022 cibiyar ta fito da wata ƙa'ida wadda ta ba gidajenta damar mayar da duk kayan da aka samo ta hanyar sata ko ƙwace, ko da kuwa doka ba ta tilasta musu ba. A watan Oktoba na wannan shekarar ta mallaka wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya kayan tagulla 29 na Masarautar Benin. Waɗannan na cikin kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, lokacin da suka ci birnin da yaƙi, suka tura Oba Ovonramwen gudun hijira zuwa Kalaba.

Babu shakka wannan mataki abin yabo ne, domin ya ɗora gaskiya a kan takardar ciniki. Sai dai kuma akwai abin dubawa. Na farko, mai riƙe da kayan shi ne mai bincike, kuma shi ne alƙali. In ya ga dama ya mayar, in bai gani ba shi ke nan. Na biyu, wasu daga cikin kayan sun ci gaba da zama a Washington da sunan aro, alhali ɗalibin da ke Benin ko Kano ba shi da halin zuwa ya gan su. Na uku, abin da ya taimaki kayan Benin shi ne an san ranar da aka kwashe su da waɗanda suka kwashe. To, ina makomar rigar sarki ko sirdi ko littafin malami da ya bar ƙasar nan ba tare da an rubuta komai a kansa ba?

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Wanda bai ƙirga awakinsa ba, ba zai san an ɗauke ɗaya ba. Wajibi ne gidaje irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa su riƙa rubuta asalin kowane kaya: wa ya ƙera shi, a wane gida ya zauna, ta yaya ya zo hannunsu. Dattawa da suka san tarihin kayan gidajensu su faɗa tun suna da rai, malaman makaranta kuma su sa ɗalibai su rubuta. Ranar da za a nemi hujja, wannan rubutun ne zai tsaya mana shaida.