Ba Lambar Girgizar Ƙasa Ke Rushe Bene Ba

Duk lokacin da aka yi girgizar ƙasa, abin da kafafen labarai ke fara kawo maka shi ne lamba: 5.2 ko 7.8. Sai ka ɗauka girman lamba shi ne girman ɓarna. Wannan fahimta tana da gyara, kuma gyaran ya shafe ka ko da a Gyadi-Gyadi kake zaune.

Lambar tana auna ƙarfin da ya fita daga tushen girgizar ne, can ƙarƙashin ƙasa. Shi gini babu ruwansa da ita. Abu uku yake ji: ƙarfin fizgar ƙasar da yake tsaye a kai, saurin kai-komonta, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana motsi.

Kowane gini yana da nasa lokacin lilo. Injiniyoyi kan ƙiyasta kusan sakan 0.1 ga kowane hawa. Idan kai-komon ƙasa ya zo daidai da na ginin, sai lilon ya yi ta ƙaruwa, kamar yaron da kake turawa daidai lokacin da ya dawo.

Dubi birnin Meziko a 1985. Tushen girgizar ya fi kilomita 300 nesa da birnin, amma lakar tsohon tafkin da aka gina shi a kai ta ninka motsin, tana kai-komo duk bayan sakan 2. Benaye masu hawa 6 zuwa 15 ne suka fi shan kashi.

Gaskiya ne Kano tana kan dutse mai tauri, haɗarinmu kaɗan ne. Amma ai ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016, ta kuma motsa a Mpape a 2018. Sannan dutsen nan ba shi ke taɓa kowane tushen gini ba. Kududdufin da aka cike da shara aka ɗora bene a kai, ƙasarsa laushi gare ta. Ga kuma salon da kake gani a Titin Zariya da Tarauni: shaguna a buɗe a ƙasa, nauyi duk a sama. Irin wannan hawan ƙasa shi ke fara durƙushewa, kamar yadda aka gani a Turkiyya a 2023.

Don haka idan za ka yi bene, kada "ai ba a girgiza a Kano" ta ishe ka. Ka nemi sakamakon gwajin ƙasa kafin a zuba kankare.