Wa ya ba da Tula? Aljani da alhakin iyaye a fina-finai biyu

Matasanmu na Yamai sun san jerin fina-finan ban tsoro na Amurka mai suna Insidious, wanda James Wan ya buɗe a 2010. Na huɗunsu, The Last Key, na Adam Robitel, ya fito a 2018, kuma ya koma baya domin nuna asalin Elise Rainier, tsohuwar nan mai ganin abin da ido ba ya gani. Kaɗan ne daga cikin waɗannan matasa suka taɓa jin labarin Toula ou le génie des eaux, wanda Mustafa Alasan ya shirya tare da Anna Soehring a 1973, bisa almarar da Bubu Hama ya rubuta. Amma fina-finan biyu tambaya guda suke yi: idan aka cuci ɗiya a gidansu, wa ke da alhaki, aljani ko na gaba da ita?

Fim ɗin Amurka ya fara a 1953, a jihar New Mexico, cikin wani gida da ke maƙwabtaka da gidan kaso. Elise tana ƙarama take ganin matattu. Mahaifiyarta ta ɗauki abin a matsayin baiwa, mahaifinta kuwa dukanta yake yi, ya kulle ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa don ta ce ba ta ga kome ba. Wuri mafi ƙarfi a fim ɗin shi ne inda Elise, bayan ta tsufa ta komo gidan, ta gane cewa matar da ta gani tana budurwa, ta zaci fatalwa ce, ashe rayayya ce da uban ya tsare. Nan tsoro ya tashi daga lahira ya sauko tsakar gida. Lin Shaye ta riƙe wannan matsayi da natsuwa, fuskarta kaɗai ta isa ta nuna shekarun da aka yi ana haɗiye magana.

Sai dai marubucin, Leigh Whannell, bai iya tsayawa kan gaskiyar da ya tono ba. Ya kawo wani aljani mai yatsun makullai, ya ce shi ke juya uban, shi ke cin ƙiyayya yana ƙoshi. Daga ƙarshe kurwar uban ta tare wa ɗiyarsa farmaki, kurwar uwar kuma ta kori aljanin da aka busa usur. Da haka aka wanke mai laifi, aka jibga kayan a kan wanda ba a iya kai shi gaban alƙali. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma fim ɗin ya taimaki uban ya taka nasa.

Mustafa Alasan bai bi wannan hanya ba. A Tula fari ne ya addabi ƙasa, sarki ya kira mai duba, mai duba ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa. A almarar, wadda aka bayar ɗiyar ƴar'uwar sarkin ce, wato kawu ne ya miƙa jininsa. Saurayinta ya bazama neman ruwa don ya cece ta, ya samo, amma ko da ya komo da albishir tabki ya riga ya haɗiye ta. Wannan jinkiri shi ne hukuncin fim ɗin: ruwa yana nan ga mai nema, kuma babu aljanin da ya tura hannun sarki. Ya ji magana, ya auna, ya zaɓa. An yi fim ɗin ne lokacin babban farin da ya kashe dabbobin Sahel a farkon shekarun 1970, saboda haka masu kallo na farko sun san abin da ƙishirwa ke sa shugabanni su yi.

Ta fuskar kayan aiki ba a haɗa su: ɗaya yana da sauti mai razanarwa da dabarun kwamfuta, ɗayan yana tafiya a hankali kamar tatsuniya. Amma razana takan wuce da an kunna fitila, tambayar Tula kuwa takan kwana da mutum. Har yau a garuruwanmu ana cewa yarinya tana da iskoki alhali abin da ke damunta yana da suna, yana kuma cin tuwo a gidan.

A 2024 aka sa wa tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Yamai sunan Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015. Suna a bango ba ya koyar da kowa. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su nemo Tula, su nuna wa ɗalibai shi tare da fim ɗin da suka riga suka sani, sannan su tambaye su wanne daga cikin biyun ya bar mai laifi da laifinsa.